Kowane Samfur da Ubangidansa: Tarihin Kalmar "Pattern" Daga Turai Zuwa Tudun Wadar Zariya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da niyyar juya wani rubutu daga Turanci zuwa Hausa ya san akwai kalmomin da kan sa alƙalami ya tsaya cik. Galibi 'yan gajeru ne, waɗanda kowa ke ganin ya san su. Ɗaya daga cikinsu ita ce "pattern". Tela yana da ita a bakinsa, likita yana da ita, haka malamin lissafi da ɗan sanda mai bincike da manazarcin adabi, kuma kowannensu da abin da yake nufi. Sau da yawa mai fassara yakan ce "tsari" ya wuce abinsa, alhali kuwa a wurare da dama tsarin bai ɗauko ko rabin ma'anar ba.

Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar tun daga inda ta fito, sannan ta kawo ta gida Zariya, musamman Tudun Wada, inda aka daɗe ana buga littattafan da suka zame wa marubutan Hausa abin koyi. Dalili kuwa shi ne, a cikin tarihinta akwai darasin da ya shafi kowane marubuci, babba da ƙarami. Babu samfurin da ya faɗo daga sama. Kowanne akwai wanda ya yanka shi, kuma akwai abin da yake nema da shi.

Asalin Kalmar

Tushen kalmar yana cikin harshen Latin na Rumawa. A wannan harshe "pater" shi ne uba. Daga nan aka sami "patronus", wato babban mutum mai ƙarfi wanda talaka ko 'yantaccen bawa ke raɓa da shi, ya tsaya masa a gaban shari'a, shi kuma ya riƙa yi masa hidima. Da Hausa wannan mutum ba shi da wani suna da ya wuce ubangida, kuma abin sha'awa, mu ma a kan kalmar uba muka gina tamu.

Faransawa suka gaji kalmar suka mai da ita "patron". Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a a can, kalmomi masu yawa suka kwarara cikin Turanci, har da wannan. A ƙarni na 14 ana samun ta a rubuce-rubucen Ingilishi da ma'ana biyu: ubangida, da kuma abin da ake dubawa a yi irinsa. Yadda ma'ana ta biyu ta fito daga ta farko ba shi da wuyar ganewa, domin bara da ubangidansa yake koyi, a magana da tafiya da sa tufafi. A ƙarni na 16 furucin ya fara sauyawa a bakin jama'a, zuwa wajen 1700 kalmar ta rabu biyu. Aka bar wa mutum "patron", aka ba abu "pattern". Faransanci kuwa bai raba su ba har yau. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci, da kalma ɗaya zai kira maigidansa a wurin aiki da takardar da tela ke ɗorawa a kan yadi ya yanka.

Bayan rabuwar, kalmar ta yi manyan rassa uku a Turanci. Reshe na farko shi ne abin da ake bi a fitar da irinsa. A 1863 wani tela Ba'amurke mai suna Ebenezer Butterick ya fara sayar da takardun yankan tufafi masu girma daban-daban, ta yadda mace za ta ɗinka riga a ɗakinta ba tare da ta taɓa zama gaban wani gwani ba. Reshe na biyu shi ne ado mai maimaita kansa a jikin tufa ko bango ko kwano. A 1804, a birnin Liyon na Faransa, Joseph-Marie Jacquard ya fito da injin saƙa mai aiki da katuna masu huji, adon da dā yake cikin kan masaƙi ya koma cikin kati. Reshe na uku shi ne na masana, wato wani abu da ke ta maimaituwa a cikin al'amura har mai lura ya gano shi. A 1928 Vladimir Propp ya nazarci tatsuniyoyin Rasha kimanin 100, ya nuna cewa duk bambancinsu a kan matakai 31 suke tafiya, kuma a jere ɗaya. A 1934 Ruth Benedict ta yi amfani da kalmar a sunan littafinta kan al'adun al'ummomi. A yau da wannan ma'ana ta uku ake cewa kwamfuta tana gane fuska ko murya.

Mai karatu zai lura da wani abu a wannan tafiya. Da farko samfurin mutum ne mai rai, ana ganinsa ana gaishe shi. Daga baya ya koma takarda, sannan kati, sannan ya zama abin da ba a ganin mai shi sam. Ubangidan yana nan, ɓoyewa kawai ya yi.

Abin da Bahaushe Yake da Shi

Rashin kalma ɗaya tilo da za ta ɗauke duk waɗannan ma'anoni ba talauci ne ga Hausa ba. Kowace sana'a ta riga ta raɗa wa abin suna tun kafin zuwan Bature.

A wajen ma'ana ta farko muna da abin koyi, da misali, da samfur, wanda shi ma aro ne daga wata kalmar Turanci, amma ya daɗe da zama ɗan gida. Masu zubin tukwanen dalma sukan danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi a akwati, su zare ta, su zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Sabuwar tukunya takan fito da kamannin tsohuwar, har da tabonta. Idan Bahaushe ya ce 'yan'uwa biyu zubinsu ɗaya, hoton da ke bayan maganar ke nan. Manazarta adabinmu ma da za su feɗe waƙa sukan fara da abin da suke kira zubi da tsari.

A wajen ma'ana ta biyu muna da zane, da ado, da zayyana wadda muka aro daga Larabci, irin wadda ake yi wa allon yaron da ya sauke Alƙur'ani. A jikin riga kuwa sunansa aiki, shi ya sa ake cewa riga mai aiki. A kan mace kitso ne, kuma kowane iri da sunansa. A fuska aska ce ko tsaga, wadda dā da ganinta ake sanin Bagobiri da Bakatsine.

A wajen ma'ana ta uku kuwa, sau da yawa jimla ce ke fitar da ita. Inda Bature zai kawo kalmar yana maganar ruwan sama, manomi cewa zai yi yadda damina ta saba sauka. Inda likita zai kawo ta yana maganar sanƙarau, Bahaushe cewa zai yi ciwon da zafi yake tafe, in ruwa ya sauka ya lafa. Ga kuma fasali, da ƙira, da salo, da yayi, da kari a wajen waƙa. Mai fassarar da ya tattara duk waɗannan ya cusa su cikin "tsari" ya yi wa harshen asara, ya kuma bar mai karatu cikin duhu.

Birnin Zazzau: Magina da Maɗinka

Kafin takarda ta shigo cikin lamarin, a ƙasar Hausa ma samfur mutum ne. Babban misali shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya ɗaga bakan gizo da rufin da masana gine-gine daga ƙasashe da dama suka zo suka auna suka rubuta littattafai a kai. Maginin gargajiya ba ya tafe da taswira. A ƙasa yake shata ɗaki da ƙafa ko da sanda, sauran lissafin yana cikin kansa. Yaron da ke son sanin yadda ake lanƙwasa azara sai ya yi shekaru yana cuɗa ƙasa yana miƙa tubali, yana kallon hannun maigida. Har yau akwai unguwa a cikin birni mai ɗauke da sunan Babban Gwani, kuma zuriyarsa sun riƙe sana'ar bayansa.

A ƙarni na 20 Zariya ta yi suna wajen zanen gida, wato adon da ake yi wa fuskar zaure. A. H. M. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963, daga baya Friedrich Schwerdtfeger ya yi dogon bincike a kansu wanda aka buga a 2007. Abin lura a nan shi ne yadda zanen ya bi zamani. Kusa da dagi da takobi na gado, sai ga keke da agogo da mota da jirgin sama a jikin bango. Mai gida ne ya biya, shi ke son duk mai wucewa ya san Allah ya buɗa masa, magini kuma ya sama wa sabon abin gurbi a cikin tsohon zane ba tare da ya ɓata shi ba. Shi kansa dagin, gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauke shi ta mai da shi tambarinta, ya tashi daga adon bango da riga ya zama alamar siyasa.

Haka abin yake a wajen babbar riga. Aikin hannu a rarrabe yake: akwai mai zana aikin a jikin yadi da alƙalami da tawada, akwai masu bin zanen da allura da zare, akwai mabuga da ke fitar da ƙyallinta. Mai zanen shi ne ma'ajin samfur, kuma da yawansu malamai ne ko almajirai waɗanda hannunsu ya saba da allo. Kowane aiki da sunansa: aska biyu, aska takwas, malum-malum, kwaɗo da linzami. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara waɗannan zane-zane, ya nuna su a wani baje koli a Landan a 1976, ya kuma rubuta kundin digirinsa na uku a kansu a 1979. Aska takwas ɗin da ke ƙirjin rigar wani basarake ba wanda zai ce satar ta aka yi don an ga irinta a rigar wani. Kowa ya san gado ce. Inda ake gane gwani shi ne tsabtar hannu, da daidaiton askakin, da ɗan abin da ya ƙara wanda ba a taɓa gani ba.

Mawaƙa da Kari

Marubuta waƙa sun fi kowa sanin wannan al'amari, domin waƙa ba ta tsayuwa sai da ma'auni. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara ilmin aruli, ya fitar da karuruwa 15 na waƙar Larabci, aka ƙara ɗaya a bayansa suka zama 16. Malaman ƙasar Hausa sun ɗauki da dama daga cikinsu, irin su Kamil da Wafir da Mutaƙarab da Rajaz, suka ɗora Hausa a kai, abin da Farfesa M. K. M. Galadanci ya yi bayaninsa a wata maƙala a 1975.

Akwai kuma tahmisi, inda mawaƙi zai ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti, da kari ɗaya da amsa-amon da ya dace. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta bi wannan hanya: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahmisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma an san na kowa. A wannan al'ada bin sawun magabaci girmamawa ce, muddin an ambaci sunansa.

A nan Zazzau muna da misalin da ya fi wannan ban mamaki. Malam Aliyu Namangi, makahon malamin da ya rasu a 1990, bai ɗauko karin Imfiraji daga aruli ba. Daga kiɗan caji ya ɗauko shi, kiɗan dandali wanda malamai ke ƙyama. Ya bar amon da kunnen jama'a ya riga ya saba da shi, ya zubar da abin da ke ciki, ya cika shi da wa'azi da begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sakamakon haka waƙar ta shiga bakin almajirai da mabarata da matan aure a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Ya ari tukunyar wasu, amma abincin da ya dafa a ciki nasa ne.

Tudun Wada: Garin da Aka Fara Zanawa a Takarda

Turawa sun shigo Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Daga nan suka shimfiɗa wa garin wani fasali da suka maimaita a manyan garuruwan Arewa. Birni na 'yan ƙasa ne. Sabon Gari, kusa da tasha, na ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu. Unguwar Turawa tana can gefe da fili a tsakani. Tudun Wada kuwa, a bayan ganuwa, an ware ta ga 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birnin ba, a ƙarƙashin hukumar Sarki. Wanda ya fito daga lungunan birni masu karkace-karkace ya shigo Tudun Wada zai ga bambanci nan take: layuka a miƙe, filaye a yanke daidai wa daida. Birni ya tsiro ne a hankali bisa dangantaka da sana'a. Tudun Wada kuwa an zana ta kafin a gina ta. Shi ya sa ake samun unguwa mai wannan suna a Kaduna da Kano da Jos da Gusau.

Irin wannan aiki aka yi wa rubutun boko. An kafa Hukumar Fassara a 1929, aka mai da ita Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, tana zaune a Zariya. Makarantun boko suna yaye yara masu iya karatu, amma babu abin karantawa na nishaɗi. Saboda haka East ya zagaya manyan garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Shi da kansa ya bayyana a wata maƙala a 1936 irin wuyar da ya sha, domin a wurin malaman wancan zamani rubutu na addini ne da ilmi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Ya gindaya sharuɗɗa: labarin ya kasance da boko, a zube, kimanin kalmomi 20,000, kuma kada ya zama wa'azi. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

A nan ma'anoni biyu na tsohuwar kalmar suka sake haɗuwa. Hukumar ita ce ubangida, ita ke biya, ita ke bugawa, ita ke rarrabawa makarantu, don haka ita ta yanka samfurin. Tsawon littafi, da irin Hausar da za a yi amfani da ita, da abin da ya dace ɗan makaranta ya karanta, duk a teburinta aka yanke su. A zamanin ne kuma aka tsayar da haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda muke rubutu da su yanzu.

Abin da ya ba wannan samfur ƙarfi shi ne injin ɗab'i. An fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa mazauni a gefen Tudun Wada, a kan hanyar da ta ɗauki sunansa. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta yi ta fitar da littattafan yaƙi da jahilci da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta Zariya da Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, kafin a rufe ta a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC da haɗin gwiwar Gaskiya da Macmillan. Shekara da shekaru, yaron da ya buɗe littafin Hausa a aji, a Daura yake ko a Azare, akasari abin da ya fito daga wannan yanki na Zariya yake karantawa. Daidaitacciyar Hausa da muke tinƙaho da ita a nan ta yi ƙwari.

Yadda Imam Ya Yi da Abin da Aka Ba Shi

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981, shi ne ya fi kowa nuna abin da gwani ke yi da samfurin aro. Zubin Ruwan Bagaja, inda mutum biyu ke ta haɗuwa gari-gari suna yi wa juna wayo, yana da dangantaka da Muƙamat na Hariri, littafin da manyan almajirai ke karantawa a zaure. Shi ma Hariri, wanda ya rasu a 1122, sawun Hamazani ya bi, kuma bai ɓoye ba.

A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina aka kawo shi Zariya, East ya tara masa littattafan labarun Larabawa da na Turawa da na Gabas, ya zauna kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Dabarar sa aku ya riƙa ba da labari don ya tsare wani daga fita tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa. Wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm. Labarin Kalala da Kalalatu, alal misali, a wurin Grimm labarin wata kuku ce da ta cinye kajin da aka gasa wa baƙo, ta kuma haɗa baƙon da maigidanta gudu da wayo. Imam ya mai da su miji da mata, ya zaunar da su a gidan Bahaushe, ya sa musu baki da raha irin namu, har yaro ya karanta bai taɓa zaton labarin ya ƙetaro teku ba.

Masana, musamman Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi diddigin waɗannan tushe ɗaya bayan ɗaya, kuma an yi muhawara mai zafi a kan ko wannan fassara ce, ko baddalawa, ko wani abu daban. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, abu biyu sun tabbata. Na farko, sanin tushen bai rage wa Hausar Imam daɗi ba. Na biyu, da an rubuta tushen a jikin littafin tun farko, kamar yadda masu tahmisi ke yi, da muhawarar ba ta yi zafin da ta yi ba.

Sabon Ubangida

Samfurin hukuma ya yi zamani mai tsawo. Ko littattafan da suka fito a 1980 daga gasar NNPC, wato Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, ta ƙofar gasa da kamfani suka shigo. Amma bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin gwamnati na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka taƙaita ga littattafan makaranta. Matasa, musamman a Kano, suka fara buga nasu da kuɗinsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗimbin wasu suka sami masu karatun da Hukumar Talifi ba ta taɓa mafarkin samu ba, akasarinsu mata.

An ce marubuci ya sami 'yanci, kuma gaskiya ne ya samu. Sai dai kasuwa ta zama sabon ubangida, ita ma da nata samfurin: littafi siriri mai araha, a raba shi kashi biyu ko uku, a yanke labari a daidai inda zuciya ta rataya don a sayi na gaba. Wanda ya karɓu, sai goma su fito da zubinsa. A 1994 Malumfashi ya kira wannan harka Adabin Kasuwar Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu suka kare marubutan, aka shafe shekaru ana fafatawa a jaridu. Daga baya rubutu ya koma waya, ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biya suna kuma faɗin yadda suke son a ƙare. Gasa ma ba ta mutu ba, domin a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai, da nata sharuɗɗan na tsawo da zubi. Sunan ubangida ne ke sauyawa daga zamani zuwa zamani, kujerarsa ba ta taɓa zama babu kowa ba.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, wannan tarihi ya bar mana abubuwan yi. Da farko, duk wanda ya ɗauki alƙalami ya tambayi kansa samfurin wa yake bi. Idan labarinka ya buɗe da attajirin saurayi a cikin mota da 'yar talaka a bakin titi, ka san daga ina wannan zubi ya zo, fim ne ko littafin da ka karanta bara, kuma wa yake amfana da maimaita shi. Wanda ya san yana bin samfur yana iya kauce masa a inda ya ga dama. Wanda bai sani ba kuwa, kamar sabuwar tukunyar dalma yake, zai fito har da tabon tsohuwar.

Na biyu, aro halal ne a adabi, kuma babu wanda ya girma ba da shi ba. Sharaɗinsa shi ne a yi masa aiki kamar yadda Namangi ya yi wa caji, a kuma ambaci mai shi kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi. Kwashe labarin wani a sauya sunaye kawai a sa nasa a bango, wannan sunansa sata, ko a zaure ko a intanet.

Na uku ya shafi harshen kansa. Siminti ya ture tubali, injin ya karɓe mafi yawan aikin allura, kuma duk sana'ar da ta ja baya takan tafi da kalmominta. Daga Tudun Wada zuwa cikin birni ba nisa. Marubucin da ya ware yini guda ya zauna wurin tsofaffin magina da maɗinka da mabuga, ya tambayi sunan kowane zane da kowane ɗinki ya rubuta, zai dawo da abin da babu shi a ƙamus da yawa. Ran da ya sake cin karo da "pattern" a wajen fassara, zai tarar yana da kalma goma a hannu, sai dai ya zaɓi wadda ta dace da wurin.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka, amin.